Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo: Sake Gina Gidajen da Damina ke Rusawa a Dogondutsi da Tibiri, da Darasin Ƙasashen Girgizar Ƙasa

Tsakure

Wannan takarda ta duba batun sake gina gidaje bayan bala'i a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, wato ƙasar Arewa ta Arawa a Jamhuriyar Nijar. Girgizar ƙasa ba ta cikin musibun wannan yanki, damina ce mai rusa gidajensa. Amma ƙasashen da girgiza ta tagayyara, irin su Indiya da Pakistan da Haiti da Nepal, sun riga mu gwada hanyoyin tayar da dubban gidaje a lokaci guda, an kuma ga wadda ta yi kyau da wadda ta ci tura. Hujjar takardar ita ce, sake gini a Arewa zai ɗore ne idan aka bar ragamarsa a hannun mai gida, aka zuba tallafi a tushe da rufi da horon magina, aka kuma isar da shi kafin ruwan tabki ya ƙafe. An amsa ƙorafe-ƙorafe huɗu da ake yi wa wannan ra'ayi.

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci rushewar gidaje masu yawa a rana ɗaya, hankalin duniya yakan tafi ga girgizar ƙasa. Yammacin Afirka kuwa yana zaune a kan tsohon dutse mai natsuwa, kuma girgizar da ta yi ɓarna a cikinsa kaɗan ce: ta birnin Akara a 1939, sai ta yankin Gawal a ƙasar Gini a watan Disambar 1983. Baʼare bai taɓa sa ta cikin lissafinsa ba. Duk da haka, wanda ya ratsa wata unguwa a Dogondutsi ko Kore Mai Ruwa washegarin ruwa mai ƙarfi na watan Agusta zai ga abin da bai bambanta da hoton girgiza ba: soro ya zauna, katanga ta kwanta, rumbu ya fashe, iyali sun kwashe ƴan komatsai sun koma ajin makaranta. Daminar 2024 ta nuna girman abin a faɗin Nijar. Alƙaluman hukuma sun ce kusan mutum 400 suka rasu, kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma suka tagayyara. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da yawa ko dai sun rushe ko suna cike da waɗanda suka rasa matsuguni. Kafin daminar 2024 an ga irinta a 2010 da 2012 da 2020 da 2022. Wani abin lura a ƙididdigar irin waɗannan shekaru shi ne, sau da yawa waɗanda gini ya danne sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Ke nan abin da muke kira ambaliya, a mafi yawan lokaci, matsalar gini ce.

Wannan ne ya sa kwatanta mu da ƙasashen girgiza yake da amfani. Abin da ya rusa gidan daban ne, amma tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: wa zai sake gini, da wane kaya, a wane wuri, da kuɗin wa? Sai dai akwai bambanci guda da ke hannunmu, wanda takardar nan za ta yi ta komawa gare shi. Girgiza ba ta da wata, ba ta sallama. Damina kuwa tana da alƙawari, an san watan zuwanta.

Abin da ke kayar da gida a Dallol Mawri

Gundumomin biyu suna kwance ne a cikin Dallol Mawri da kewayensa, wani tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya miƙe daga arewa ya gangara har yankin Gaya. Gefensa tuddai ne masu murfin marmara, irin wanda ya ba Dogondutsi sunansa. Garuruwa sun zauna a gindin waɗannan tuddai da cikin kwarin saboda ruwan rijiya yana kusa, ƙasar kuma tana noma. Wannan albarka ita ce kuma hatsarin. Ruwan shekara a nan bai cika wuce milimita 600 ba, amma yana sauka ne cikin wata uku zuwa huɗu, wani lokaci babban kaso a cikin ƴan sa'o'i. Tudun da aka sare masa itace, fuskarsa ta daskare, ba ya shan ruwa, sai ya tura shi ƙasa ta kwazazzabai ɗauke da rairayi da tsakuwa. Masu binciken ruwa a Sahel sun daɗe da lura da wannan abin mamaki, cewa ko a shekarun fari na 1970 da 1980 malalar ruwa ƙaruwa ta yi, saboda ƙasa ta tsiraita. A 2017 kuma Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga ƙaruwar jama'a: ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 370,000 a gundumar Dogondutsi da kimanin 270,000 a ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011, kuma a lokacin jama'ar Nijar tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara. Sababbin magidanta dole su sami inda za su kafa, sau da yawa kuwa filin da ya rage shi ne wanda kakanni suka bar wa ruwa, wato bakin tabki, tsohon kududdufi, ko hanyar ƙorama.

Idan aka dubi yadda gidan ƙasa ke faɗuwa, za a ga ba ya mutuwa daga tsakiya. Ta wuri uku ake cin sa. Na farko shi ne gindi. Yawancin ɗakuna an ɗora su ne a kan ɗan rami marar zurfi da aka cika da tubalin ƙasa, don haka ruwan da ya kwanta kwana ɗaya ko biyu yana jiƙa layin farko, danshi ya hau, tubali ya koma laka, bango ya durƙusa. A unguwannin da ƙorama ke zuba rairayi, titi yana tashi shekara bayan shekara har tsakar gida ta koma rami. Na biyu shi ne rufi. Soron da aka jibga wa ƙasa a kan azara yana ƙara nauyi idan ya sha ruwa, kuma idan indararo ya toshe ko gara ta ci itacen, cikin dare ɗaya zai zauna a kan masu barci. Na uku shi ne fuskar gabas, inda hadari ke tasowa da iska, ruwa ya riƙa zaizaye yaɓe har tubali ya bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magina na da sun san waɗannan wurare uku, shi ya sa ake dakali a gindin bango, ake yaɓen makuba daga kwasfar ɗorawa, ake kuma hawa soro a gyara shi kowace bazara. Abin da ya canja shi ne ruwa ya ƙara ƙarfi, azarar giginya ta yi tsada domin dajin giginyar kudancin Dallol Mawri yanzu yana ƙarƙashin kariya, samarin da ke yaɓen bazara kuma suna ci-rani a Yamai ko Nijeriya.

Abin da ƙasashen girgiza suka koya

A ranar 26 ga Janairun 2001 girgiza ta afka wa jihar Gujarat ta Indiya. Hukuma ta ba mafi yawan magidanta kuɗi kashi-kashi su gina da kansu, yayin da wasu ƙauyuka ƙungiyoyi suka kawo ƴan kwangila suka gina musu. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta hanyoyin biyu a wuri ɗaya, kuma nazarin Jennifer Duyne Barenstein ya nuna cewa waɗanda suka gina da hannunsu sun fi gamsuwa da gidajensu nesa ba kusa ba, alhali wasu rukunin gidajen kwangila an bar su babu kowa. Bayan girgizar Kashmir ta 8 ga Oktobar 2005, wadda ta kashe fiye da mutum 70,000, Pakistan ta bi wannan hanya a fili mafi girma. Hukumar da aka kafa don aikin ta riƙa biyan mai gida a matakai, ba a sakin kaso na gaba sai an zo an duba tushe, sannan a duba bango. An horar da dubban magina, an kuma tayar da gidaje kusan 600,000 cikin ƴan shekaru. Akwai darasi na musamman a nan: da farko hukuma ta dage sai ginin siminti da ƙarfe, amma da ta ga mutanen kan duwatsu ba za su iya ɗauko kayan ba, sai ta amince da ginin gargajiya na katako da duwatsu bayan an gyara masa ƙa'ida.

Haiti ta nuna ɗaya fuskar. Girgizar 12 ga Janairun 2010 ta jefa kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi cikin sansanoni, duniya kuma ta yi alƙawarin biliyoyin daloli. Kaso mai yawa ya tafi ga rumfunan wucin gadi da hidimar ƙungiyoyin waje. Wani bincike da kafofin ProPublica da NPR suka fitar a 2015 ya ce ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500 amma gidajen dindindin shida ta gina. Ƙungiyar ta amsa da cewa ta taimaka ta wasu hanyoyi, rikicin mallakar filaye kuma ya ɗaure mata hannu. Ana cikin wannan, talakawa suka hau tsaunukan arewa da Port-au-Prince suka kafa wa kansu garin Kanaan, ba injiniya, ba tsari. Mutane dai sun gina, kamar yadda kullum suke yi, sai dai sun gina ba tare da an ƙara musu sani ba. Nepal, bayan girgizar 25 ga Afrilun 2015, ta ba kowane gida rupi 300,000 a kashi uku, aikin ya kai ga dubban ɗaruruwan gidaje, amma jinkirin biya da sharaɗin takardar fili sun bar marasa ƙarfi a baya, wasu kuma sun ci bashi.

Abin da za a tsinta daga waɗannan misalai shi ne, a ƙasa matalauciya mai gida ne ke sake gini ko an so ko an ƙi. Zaɓin da ke gaban hukuma biyu ne kawai: ta gina wa mutum ɗari gidan nuni ta bar dubu goma su maimaita kuskuren jiya, ko ta raba ɗan abin da take da shi yadda dubu goman za su gina abin da ya fi na jiya. Karin maganarmu ta ce mai ɗaki ya san inda yake yoyo, kuma gaskiya ne. Shi ya san yawan matansa da ƴaƴansa, ya san inda zaure zai fuskanta, inda turken awaki da rumbu za su zauna, abubuwan da zanen ofis ba ya gani. Amma sanin inda ke yoyo daban, sanin dalilin yoyon daban. Wannan giɓi shi ne gurbin hukuma da masana.

Tsarin da ya dace da Arewa

Abu na farko shi ne lokaci. Gini a wannan yanki yana da kalandarsa kamar noma. Ana buga tubali ne daga bayan girbi zuwa ƙarshen sanyi, lokacin da tabkuna irin su Tapkin Sao na Dogondutsi ke da ruwa, hatsi yana rumbu, samari ba su gama watsewa ci-rani ba. Tallafin da ya iso a Nuwamba gida ne. Wanda ya iso a Afrilu, bayan tabki ya ƙafe, rana ta take, rumbu ya fara sauka, abinci zai zama, kuma babu mai laifi. Wanda ya iso a Yuni kuwa sai dai a yi ginin gaggawa da ɗanyen tubali wanda hadarin Agusta zai kayar. Saboda haka ƙidayar gidajen da suka rushe ta kamata ta ƙare a Oktoba, kason farko ya shiga hannu kafin Disamba. Hukumomin agaji da kula da bala'o'i, da kwamitocin sa ido na ƙananan hukumomi da ƙauyuka, sun saba da ƙidayar gaggawa don rabon hatsi da tabarmi da gidan sauro. Abin da ya rage shi ne a ɗaura wa wannan ƙidaya kasafin gini mai ranar biya.

Na biyu shi ne inda kuɗin zai shiga. Tunda ta gindi da rufi ake cin gida, can ya kamata a kashe kuɗin jama'a, a bar wa mai gida bango, domin ƙasa da ƙarfin hannu ba su gagare shi ba. Kaso na farko na tushe ne: a haƙa rami mai zurfi, a jera dutsen marmara wanda tuddan yankin ke cike da shi, a ɗaure da siminti, a ɗaga shi sama da inda ruwan bara ya tsaya, a cike daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Simintin da wannan zai ci ɗan kaɗan ne a kan na ɗaki sukutum, ma'ana buhunan da za su gina wa mutum ɗaya za su tsare gidaje da yawa. Kaso na biyu na rufi ne, ba a sakin sa sai an duba tushe, kamar yadda aka yi a Kashmir. A nan akwai zaɓi. Ga mai son kwano, a ba shi mai baki da ya zarce bango don ya kare yaɓe. Ga mai son soro, akwai gini marar itace, na bakan gizo da tulluwa, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara gwadawa a 1980 a Shikal ta yankin Filinge, maƙwabcinmu na yamma, ta kuma horar da ɗaruruwan magina a Nijar. Ba baƙon abu ba ne ga idon Bahaushe, domin masallacin Yama na Alhaji Falke Barmu, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, da ƙasa aka ɗaga shi.

Na uku shi ne magini. Nijar ba ta da injiniyoyin da za su duba kowane tushe daga Sukukutan zuwa Gesheme, amma babu garin da ba shi da magina. Idan aka horar da kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, a Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Dogon Kiriya da Dumega, aka ba su ladan dubawa, ilimin zai zauna a gari bayan aikin ya tashi, ya shiga har gidajen da ba su sami tallafi ba. Na huɗu shi ne tudu. Gidan da aka ɗaga wa tushe zai jure kwanciyar ruwa, amma ba zai jure ƙorama mai gudu ba, don haka kariyar gida tana farawa daga saman dutse. Dogondutsi tana da shaida a kan wannan. Tun daga shekarun 2000, da haɗin gwiwar mutanen gari da ƙungiyar RAIL ta Nijar da abokan hulɗa na garin Orsay na Faransa, an jera shingayen duwatsu da ramukan rabin wata a gangaren da ke kewaye da garin don rage gudun ruwa. Irin wannan aiki yana ba matasa abin yi da rani, yana dawo da gona, yana kuma kare unguwa. Bai kamata a riƙa lissafa shi a babin noma kawai ba, aikin gidaje ne.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Ƙorafi na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne ginin ƙasa ginin talauci ne, masu yabon sa kuma a gidan siminti suke kwana. Masu wannan ra'ayi sukan kawo birnin Bam na Iran, inda girgizar 26 ga Disambar 2003 ta kashe fiye da mutum 26,000, da ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko a Satumbar 2023. Ba za a raina burin talaka na mallakar ɗakin bulo ba, kuma matakin da gwamnati ta ɗauka a Oktobar 2024 na rage farashin siminti ya taimaki masu hali. Amma misalin Bam ba ya hawa kanmu. Girgiza tana jijjiga gini ta gefe, shi ya sa rufi mai nauyi ke zama kabari. Ƙasarmu ba ta motsi, abokin gabanmu ruwa ne, shi kuma ana tare shi da tushe da rufi. Sannan a Port-au-Prince gine-ginen bulo da kankare marasa inganci ne suka fi kisa. Bulon da aka tsuke wa siminti aka ɗora a kan rairayi yana faɗuwa kamar tubali. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa ma yakan ɓoye danshi har ya ɓamɓare. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu, inda ma'auni ke haura digiri 40, ɗakin bulo da kwano ya zama tanda. Wanda ke shakkar cewa ƙasa za ta yi ginin zamani, ya je Dandaji a jihar Tawa ya ga masallaci da ɗakin karatu da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018 da tubalin ƙasa na matsi.

Ƙorafi na biyu shi ne, in ka ba talaka kuɗi zai cinye. Akwai gaskiya a ciki, domin wanda ruwa ya ci wa rumbu ba zai sayi siminti ƴaƴansa na kuka ba. Amsar ita ce a raba tallafin abinci da na gini, a kawo na ginin a lokacinsa, a biya kashi-kashi bayan dubawa, wani ɓangare ma a ba da shi a matsayin kaya. Kuma idan ana maganar zurarewar kuɗi, tarihin agaji ya nuna cewa ramin da ke tsakanin mai bayarwa da ɗan kwangila da ƙaramin ɗan kwangila ya fi aljihun magidanci zurfi. Kuɗin da aka karanta sunan mai shi da adadinsa a ƙofar mai gari, gaban jama'a, ya fi wuyar ɓata.

Ƙorafi na uku ya ce wasu wuraren ba su kamata a sake zama ba sam, sai a tashi mutane. Haka ne ga gidan da ke tsakiyar ƙorama ko cikin tabki, babu tushen da zai cece shi. Amma tashi yana da tsada da ba a rubutawa. Bayan ambaliyar 2012 an ba mutanen bakin kogi na Yamai filaye a Seno, da yawa kuma suka koma inda suka fito, domin can ne sana'arsu take. A Dallol Mawri mutum yana zaune a kwari ne saboda rijiya da garka. Don haka tashi ya zama na ƴan gidajen da babu makawa, zuwa wuri mafi kusa, tare da ruwan sha, da kuma takarda. Dokar karkara ta 1993 ta haifar da kwamitocin filaye daga gunduma har ƙauye, waɗanda ke da ikon ba da shaidar mallaka ko aro ko kyauta. A yi amfani da su tun kafin a buga tubali, don kada abin da ya faru a Haiti da Nepal ya same mu, inda rashin takarda ya hana mabuƙaci tallafi. Filin da aka bari kuma a mayar da shi garka ko a dasa itace, in ba haka ba wani zai gina a kansa baɗi.

Ƙorafi na huɗu shi ne, tsarin mai gida yana fifita mai ƙarfi. Gwauruwa mai marayu, tsoho, naƙasasshe, da matar da mijinta ya daɗe a ci-rani, wa zai buga musu tubali? Wannan rauni ne na gaske, kuma Nepal ta ɗanɗana shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya ba ta mutu a Arewa ba, amma ta raunana, ba kuma adalci ba ne a jingina mata komai. Abin da ya dace shi ne a ware wa irin waɗannan gidaje ƙarin kaso na ladan magini da lebura, a rubuta tallafin da sunan wanda ke kwana a ɗakin, ko da mace ce, a kuma fara da su, ta yadda gidajensu za su zama wurin horar da magina. Da haka mafi rauni a gari shi zai fara shiga ɗaki mafi inganci.

Kammalawa

Takardar nan ba ta ce hukuma ta janye hannu ba. Cewa ta yi ta sa hannun inda zai yi nauyi: a ƙidaya mai sauri, a kuɗi mai zuwa kan kari, a tushe da rufi, a ilimin magini, a takardar fili, da gangaren da ke saman gari. Ƙasa mai ƙarancin kuɗi, mai fama da matsalar tsaro a wasu sassan wannan yanki, ba za ta iya gina wa kowa ba, kuma ƙasashen da suka fi ta samun agaji sun gwada sun kasa. Abin da za ta iya shi ne ta tabbatar ɗakin da za a tayar bana bai zama irin wanda ya faɗi bara ba. Akwai aiki a gaban jami'o'inmu, musamman ta Dosso: a bi unguwa-unguwa bayan kowace damina a rubuta gidajen da suka faɗi da waɗanda suka tsaya a gefensu, a gano abin da ya bambanta su, a kuma zana taswirar inda ruwa ya kai. Mutanen Kashmir da Haiti ba su san ranar da ƙasa za ta sake motsi ba. Mu kuwa daga ƙarshen girbi zuwa hadarin farko muna da wata bakwai zuwa takwas, kowace shekara, kuma da abin da muka yi a cikinsu za a auna mu.